An kawo injin gashi, saura masu bincike: me ake nufi da cibiyar cutar daji ta jami'a?

Na tabbata ka taɓa cin karo da irin wannan rubutu a Facebook ko a wani zauren WhatsApp da kake ciki. Hoton wata baiwar Allah a kwance, an lulluɓe mata ƙirji da zane, a ƙasa an rubuta cewa ciwon daji ne, likitoci sun ce a kawo miliyan kaza, ga lambar asusu, Allah Ya ba da ikon taimakawa. Wata rana ka tura dubu ɗaya, wata rana ka yi mata addu'a ka wuce. Bayan wata biyu ko uku, sai wanda ya yi rubutun ya dawo da sanarwar rasuwa. Ka yi ta'aziyya, shi ke nan. Kafin sati ya zagayo an saka hoton wata.

Mu ma abin ya taɓa shigowa gidanmu. Gwaggona ta ji ƙullutu a mamanta, ta yi kusan shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, saboda kowa ya ce mata daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa zai fantsama. Da aka kai ta asibiti, sai aka tura mu wani asibitin a wata jiha. Can kuma aka ce injin gashi ya lalace, a dawo. Ba ta kai ranar da aka ba mu ba. Allah Ya jiƙanta. Kwana ya ƙare, wannan ba mu da ja. Amma abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne: wa ya koyi wani abu daga ciwonta? Wa ya rubuta shekarunta, da irin dajin da ya kama ta, da watannin da ta ɓata kafin ta je asibiti, da dalilin ɓata su, don kada 'yar wani ta bi wannan hanyar?

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu cutar daji a asibitocin koyarwa guda uku, a Katsina da Inugu da Binin, cikin guda shida da ta yi alkawari. Ragowar su ne na Zariya da Jos da Legas. An yanka kyalle, an ɗauki hotuna, kuma tsakani da Allah abin farin ciki ne, musamman ga mutanen Arewa maso Yamma da suka saba cin doguwar tafiya don neman gashi. Sai dai ina so mu tsaya mu duba kalma ɗaya: "koyarwa". Asibitin koyarwa ba wurin ba da magani ba ne kawai. An gina shi ne don a yi magani, a koyar, a kuma yi bincike. Ƙafa uku ke nan, kamar murhu. Mu kuwa ƙafa ɗaya muke ta tafa wa.

Asibiti na tambayar me ke damunka, cibiyar bincike na tambayar me ya sa

Bari mu sauƙaƙa abin. Idan ka je asibiti, likita zai duba ka, ya gano ciwonka, ya ba ka maganin da littafi ya ce a ba mai irin ciwonka. To wa ya rubuta littafin? A kan su wa aka gwada maganin? Amsar ita ce cibiyoyin bincike, kuma mafi yawansu a jikin jami'o'i suke. A Amurka, tun bayan dokar yaƙi da cutar daji da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1971, hukumar cutar daji ta ƙasar ta amince da cibiyoyi sama da 70, akasarinsu na jami'o'i ne. Abin da suke ganowa shi ne ake karanta wa ɗaliban likitanci a Kano da Sakkwato da Maiduguri.

Cibiyar irin wannan tana da manyan ayyuka huɗu.

Na farko, ƙirga. Tana riƙe da rajistar masu cutar daji na wani yanki: mutum nawa suka kamu a bana, maza nawa mata nawa, wane iri ne, a wane mataki suka zo, nawa suka rayu bayan shekara biyar. Ma'aikatan rajista kan bi asibitoci da ɗakunan gwaji ɗaya bayan ɗaya suna tattara wannan bayani.

Na biyu, neman dalili. Me ya sa wani daji ya fi yawa a wannan gari fiye da wancan? Abinci ne, ruwa ne, wata ƙwayar cuta ce, sana'a ce, ko gado? A nan ne ake ajiye jini da 'yar tsokar da aka yanko daga ciwo, ana duba su da madubin likita da na'urori.

Na uku, gwajin magani. Kafin a ce wannan magani ya fi wancan, ko a ce rabin wannan adadin ya isa, sai an gwada a kan marasa lafiyar da suka amince, bisa ƙa'ida, an kwatanta sakamako.

Na huɗu, horar da mutane. Likitan daji, likitan binciken tsoka, ma'aikaciyar jinya da ta san yadda ake ɗaura ruwan kemo, masanin fiziks da ke auna ƙarfin hasken injin gashi, injiniyan da zai gyara shi in ya tsaya. Duk a nan ake ƙyanƙyashe su.

Akwai kuma wani abu da marar lafiya ke amfana da shi kai tsaye. A cibiya mai tsari, likita ɗaya ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Likitan tiyata da na kemo da na gashi da mai karanta hoto da mai binciken tsoka kan zauna teburi ɗaya, su baje takardun mutum, su tsara abin da za a fara da wanda zai biyo baya. Wanda ya taɓa yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na faɗa masa magana daban, ya san darajar wannan zama.

Abin da ya faru a Kampala

Kada ka ce wannan harkar Turawa ce da masu kuɗi. Ɗaya daga cikin manyan labaran binciken daji a duniya a nan Afirka ya faru, kuma da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba.

A 1957, wani likitan tiyata ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago, asibitin koyarwa na Makerere a Kampala, ya ga wani yaro da kumburi a muƙamuƙi. Ba a jima ba ya ga wani yaron da irinsa. Da wani ne, sai ya rubuta magani ya kira na gaba. Shi kuwa sai ya koma ya tono tsofaffin fayiloli, ya tarar abin ba sabo ba ne, ba a dai taɓa haɗa labaran wuri ɗaya ba. Ya wallafa abin da ya gani a 1958. Daga nan ya aika takardun tambaya zuwa asibitoci a faɗin nahiyar, sannan a 1961 shi da abokan aikinsa biyu suka shiga tsohuwar mota suka yi tafiyar kusan mil 10,000 suna bin asibitoci suna tambaya: kuna ganin yara masu irin wannan kumburi?

Da suka zana amsoshin a taswira, sai ga abin mamaki. Ciwon yana bin wuraren da ke da zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana kuma ƙauracewa tuddai masu sanyi. Wani masani a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccar Burkitt, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar ciwon daga Kampala. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar bairos a ciki. Ita ce bairos ta farko da aka alaƙanta da cutar daji a jikin ɗan Adam. Aka kuma gano cewa wannan daji, duk da saurin girmansa, yana jin magani ƙwarai, har wasu yara suka warke sarai.

A 1967 aka kafa cibiyar da ta zama Cibiyar Cutar Daji ta Uganda, da haɗin gwiwar Jami'ar Makerere da hukumar cutar daji ta Amurka. Da Idi Amin ya hau mulki Turawa suka watse, wani ɗan ƙasa, Charles Olweny, ya riƙe ta cikin wahala. Tana nan har gobe, kuma ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta na zuwa koyon aiki a cikinta. Ka lura da abin da ya fara komai: ido mai lura, tsofaffin fayiloli, takardar tambaya da taswira. Babu injin biliyoyin naira a farkon labarin.

Mu ma mun taɓa yi

A daidai wannan lokaci Ibadan ba ta barci. A 1960 aka kafa rajistar masu cutar daji a asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan, ɗaya daga cikin na farko-farko a Afirka. A can ne wani likita ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, ya yi aikin warkar da yara masu irin dajin da Burkitt ya bayyana, aikin da ya sa ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972, tare da Burkitt ɗin kansa. Wato dai ba yau muka fara ba. Sakaci ne ya mayar da mu baya.

Yanzu dubi alƙaluman da muke yawo da su. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 128,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Sankarar mama ce a gaba, sai ta furostet, wato ƙullun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, da ta bakin mahaifa. 'Yan jarida na maimaita wannan adadi duk ranar 4 ga Fabrairu, ranar cutar daji ta duniya. Amma ka san yadda aka samo shi? Ƙiyasi ne da aka gina a kan 'yan rajistocin da ke aiki a wasu birane, aka faɗaɗa shi ya rufe ƙasa baki ɗaya. Matar da ta rasu a wani ƙauye a Zamfara ko Yobe ba tare da ta taɓa taka asibiti ba, aka yi mata sutura kafin la'asar, babu littafin da ta shiga. Gwamnatin da ba ta san yawan marasa lafiyarta ba, da me za ta tsara kasafi? Injin nawa za ta saya, a ina za ta ajiye su, wane magani za ta fi tanada? Sai dai a yi ta lalube cikin duhu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Akwai tambayoyin da babu wata jami'a a Landan ko Boston da za ta tashi ta amsa mana, don ba matsalarsu ba ce. Ga uku.

Gyaɗa da masara. Idan aka adana su da danshi, wani irin fumfuna kan fito musu, yana haifar da gubar da ake kira afulatoksin. An tabbatar wannan guba na jawo sankarar hanta, kuma haɗarin na ninkuwa idan mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Mu ne masu ƙuli-ƙuli da tunkuza da kunun gyaɗa da tuwon masara. Yaya yawan gubar yake a abin da ake sayarwa a kasuwanninmu? Wace hanyar shanya da ajiya ce manomi zai iya da kuɗin aljihunsa? Wannan aiki ne da sai likita da masanin noma da masanin sinadarai sun haɗa kai, kuma jami'a ce kaɗai wurin da za ka same su cikin harabar guda. An sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran yara a Najeriya a 2004, wanda ke nufin da yawa daga cikin yayyenmu da iyayenmu ba su samu ba. Kai da kake karatun nan, ka taɓa yin gwajin?

Tsargiya. A garuruwan da ake noman rani da kamun kifi, yaro ya yi fitsarin jini ba abin tayar da hankali ba ne, wasu ma ɗauka suke alamar girma ce. Alhali tsutsar da ke kawo tsargiya tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara bayan shekaru. Maganin tsargiya kuwa ƙwaya ce mai araha. Cibiyar bincike ce za ta bi garuruwan bakin madatsun ruwa, ta gano inda abin ya fi tsanani, ta nuna wa gwamnati da hujja cewa ƙwayar da za a raba wa 'yan firamare yau ta fi tiyatar da za a yi musu suna da shekara hamsin sauƙi.

Sankarar mama. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana bincike tare da likitocin Najeriya. Aikinsu ya nuna cewa matan Afirka ta Yamma kan kamu da ƙananan shekaru idan aka kwatanta da Turawa, kuma kaso mai yawa na kamuwa da nau'i mai zafi wanda ba ya jin magungunan da ke aiki ta hanyar toshe sinadarin mata, irin su tamoksifen. Ma'anar wannan a aikace ita ce, kafin a ɗora mace a kan irin wannan magani, dole a gwada tsokar ciwonta a ga ko nau'in da zai ji ne. In babu ɗakin gwajin da zai yi haka, sai ta yi ta sayen ƙwayar da ba za ta yi mata komai ba, kuɗi na tafiya, ciwo na ci. Ka ga yadda bincike ke shiga har aljihun talaka.

Allura ɗaya maimakon uku

Ga misali na kusa-kusa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya gano a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar bairos ta HPV ce ke jawo sankarar bakin mahaifa, ya samu kyautar Nobel a 2008. Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Ian Frazer da Jian Zhou, na cikin waɗanda suka share hanyar rigakafinta, aka fara amfani da ita a 2006. Da farko allura uku ake yi. Ga ƙasa irin tamu, allura uku na nufin kuɗi ninki uku da kuma wahalar nemo yarinya sau uku.

Sai aka yi gwaje-gwaje a Kenya da Tanzaniya, da hannun masu binciken ƙasashen, aka ga allura ɗaya ma na ba da kariya mai ƙarfi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan. Shi ya sa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin a watan Oktoban 2023, allura ɗaya aka yi musu. Wannan cuta ce da ke kama mata kusan 12,000 a shekara a ƙasar nan, ta kashe kusan 8,000. Binciken da aka yi a Afirka, a kan 'yan Afirka, shi ya sa ƙanwarki ta samu kariya cikin sauƙi.

Amma kin tuna abin da ya biyo baya? Saƙonnin murya suka cika wayoyi: wai allurar hana haihuwa ce, wai makirci ne. Wasu iyaye suka hana 'ya'yansu. Wannan ya kawo mu ga magana mafi nauyi.

Wanda maciji ya sara

Ba za ka yi maganar gwajin magani a Arewa ba ka tsallake 1996. A shekarar, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka idan dattijo ya ce ba za a yi gwaji da jikarsa ba, kada ka yi saurin ce masa jahili. Yana da tarihin da ya dogara da shi.

To mene ne mafita? A daina bincike? In aka daina, za mu ci gaba da shan maganin da aka auna a jikin wasu, muna fatan ya dace da namu. Mafita ita ce binciken ya zama namu: a jami'armu, a hannun likitan da muka san gidansu, muke haɗuwa da shi a masallaci da wurin ɗaurin aure, ƙarƙashin kwamitin ɗa'a da zai iya cewa a'a. Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, kuma ƙa'ida ce a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya amince da kansa, ya kuma san yana da ikon janyewa duk lokacin da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba. Baƙon da ya sauka da jirgi ya yi sati uku ya tafi, ba ka da inda za ka kama shi. Cibiyar da ke garinku kuwa, gobe ma tana nan, kuma dole ta kalli idon mutane.

"Ana fama da yunwa, wa ke ta bincike?"

Na san wani zai ce haka, kuma maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, mata na mutuwa wurin haihuwa, asibitin karkara babu ko ma'aikaci. Amma ka duba misalan da na kawo. Duk cikinsu, bincike rage kashe kuɗi ya yi: allura ɗaya a madadin uku, ƙwayar tsargiya a madadin tiyata, gwajin tsoka a madadin maganin banza. Mai kuɗi in ya yi kuskure ya sake saye. Talaka ne ba shi da halin yin kuskure, don haka shi ya fi kowa buƙatar a san abin da ake yi.

Sannan ko injin da muke murna da shi, ba ya aiki shi kaɗai. Masana sun ce kusan rabin masu cutar daji za su buƙaci gashi, kuma inji ɗaya na iya ɗaukar mutum wajen 500 a shekara. Yi lissafi da mutum 128,000, za ka ga muna buƙatar injina sama da 100, kuma ko kusa ba mu kai ba. Kowane inji kuma na buƙatar wutar da ba ta yankewa, da masanin fiziks, da mai gyara. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun nan. Albashi na cikin dalili, amma ba shi kaɗai ba ne. Ƙwararren da ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da kuɗin bincike, ba shi da ɗaliban da zai horar, zai ji yana ruɓewa a zaune. Cibiyar bincike mai rai na cikin abubuwan da ke riƙe irin waɗannan mutane a gida.

Tsari dai akwai shi a takarda. An yi dokar kafa hukumar bincike da maganin cutar daji ta ƙasa, NICRAT, a 2017, ta fara aiki sosai a 2023 ƙarƙashin Farfesa Usman Malami Aliyu. Akwai asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet. TETFund na da asusun bincike na ƙasa. Wata 'yar Arewa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, an zaɓe ta a 2024 a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta duniya. Amma a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, mu masu masaukin baƙi kuwa mun daɗe muna yawo a wajen kashi 5. Sayen inji na da ranar buki da hoto a jarida. Albashin ma'aikacin rajista da kuɗin sinadaran ɗakin gwaji da man janareton firjin ajiye jini ba su da ranar buki, shi ya sa su ake fara mantawa.

To mu fa?

Ba sai kana karatun likita ba. Rajista na buƙatar mai ilimin lissafi da kwamfuta. Injin gashi na buƙatar ɗan fiziks da injiniya. Tambayar me ya sa mata ke ɓoye ƙullutu har shekara, aikin ɗalibin nazarin zamantakewa ne. Mu kuma masu koyon aikin jarida, namu ya fi kowa bayyana. Binciken da aka rubuta da Turanci aka rufe a mujallar da sai an biya dala kafin a karanta, bai isa kunnen gwaggona ba. Abin da ya isa kunnenta shi ne mai lasifika a bakin kasuwa, da mai sayen fili a rediyo yana cewa yana warkar da daji cikin sati biyu. Shi ya iya Hausa, ya san yadda ake magana da tsoron mutane. In ba mu iya bayyana wa iyayenmu, da Hausar da za su gamsu, cewa yankar 'yar tsoka don gwaji ba ta yaɗa daji, kuma jinkiri ne ke ba shi damar yaɗuwa, to mun bar masa filin.

Don haka idan aka sake yanka kyalle a wata cibiya, bayan tafi, ga abin da ya kamata mu tambaya. Akwai rajista, kuma yaushe za a fitar da rahotonta ga jama'a? Kwana nawa sakamakon gwajin tsoka ke ɗauka? Nawa aka ware wa bincike a kasafin bana, nawa aka saki? Likitoci da masana fiziks nawa ake horarwa? Akwai yarjejeniyar gyaran inji, ta shekara nawa? Wa ke zaune a kwamitin ɗa'a, akwai wakilin al'umma a ciki? Ka kai wa ɗan majalisarku waɗannan tambayoyi, ka yi su a shirin rediyon da ake buga waya, ka rubuta su a shafinka.

Kafin nan kuma, akwai na cikin gida. Ka je ka yi gwajin ciwon hanta, in ba ka da shi ka yi rigakafi. Ki tambaya ko an yi wa ƙanwarki allurar HPV. In Mama ko Inna ta ce tana jin wani abu a jikinta, kada a ce bari a gani, a rakata asibiti a satin. Za mu ci gaba da tura dubu ɗaya idan an saka lambar asusu, wannan sadaka ce kuma Allah Ya karɓa. Amma ina fatan ranar da za a rage saka hotunan, saboda wasu sun zauna sun ƙirga, sun yi tambaya, sun samo amsa a nan gida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.